Khattab, Balaraben da Ya Jagoranci Mayaƙa a Checheniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarsa da Mutuwarsa

A cikin baƙin mayaƙan da suka shiga yaƙe-yaƙen Checheniya guda biyu, babu wanda sunansa ya yi tashe kamar Khattab, ɗan ƙasar Saudiyya da ya shafe shekara bakwai yana yaƙar sojojin Rasha a tsaunukan Kaukasus kafin a kashe shi a shekarar 2002. Magoya bayansa sun ɗauke shi gwarzo, hukumomin Rasha sun lasafta shi cikin manyan 'yan ta'adda, su kuwa mutanen da ya zauna a ƙasarsu kansu ya rabu a kansa tun yana da rai.

Wane ne Khattab, kuma daga ina ya fito?

Sunansa na yanka Samir Saleh Abdullah al-Suwailim, an kuma haife shi a shekarar 1969 a garin Arar da ke arewacin Saudiyya, kusa da iyakar Iraƙi. Khattab, ko Ibn al-Khattab, laƙabin yaƙi ne, kuma da shi ya rayu har ya mutu. Saboda yadda ya ɓoye asalinsa, an daɗe jaridu suna kiransa ɗan ƙasar Jodan, har sai bayan mutuwarsa da danginsa suka yi magana da jaridun Saudiyya aka tabbatar da ko ɗan gidan wane ne. Abin da dangin suka faɗa shi ne, yaro ne mai ƙoƙari a makaranta, daga gidan rufin asiri, wanda ake shirin tura shi karatu Amurka. Ke nan ba talauci ne ya raba shi da gida ba.

Me ya kai shi fagen yaƙi tun yana matashi?

A ƙarshen shekarun 1980, yaƙin da mujahidan Afganistan ke yi da Tarayyar Sobiyet ya cika masallatai da kafafen labaran ƙasashen Larabawa, kuma gwamnatocin Saudiyya da Pakistan da Amurka duk suna mara wa mujahidan baya. Matashin da ya ce zai tafi ba a hana shi, sau da yawa ma taimaka masa ake yi. Khattab ya tafi bai kai shekara ashirin ba, ya sami horo a sansanonin da ke kan iyakar Pakistan da Afganistan, ya kuma yi yaƙi a can. A Afganistan ne wani abin fashewa ya tashi a hannunsa ya cire masa wasu yatsun hannun dama, shi ya sa a hotunansa na baya ake yawan ganin hannun a naɗe.

Sojojin Sobiyet sun fice a watan Fabrairun 1989, mujahidai kuma daga baya suka juya wa juna bindiga. Khattab bai koma gida ba. Ya tsallaka Tajikistan inda yaƙin basasa ya ɓarke a 1992, ya yi yaƙi a ɓangaren 'yan adawa masu kishin Musulunci. Abin lura a nan shi ne, tun daga Afganistan har kabarinsa abokin gabarsa guda ne, wato Mosko, kuma wannan ya bambanta shi da wasu tsararrakinsa da suka juya kan gwamnatocin ƙasashensu ko kan Amurka.

Wane irin yaƙi ya tarar a Checheniya?

Checheniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Kaukasus, a kudancin Rasha, faɗinta bai kai na jihar Kano ba, mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Amma gabarsu da Rasha tsohuwa ce. A ƙarni na 19 sun yi yaƙi a ƙarƙashin Imam Shamil, ɗan Dagestan, maƙwabciyar Checheniya, kuma ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya, wanda ya miƙa wuya a 1859 ya kuma rasu a Madina a 1871. A ranar 23 ga Fabrairun 1944 Stalin ya sa aka kwashe al'ummar Checheniya da maƙwabtansu na Ingushetiya kakaf, kusan mutum rabin miliyan, aka loda su a jiragen ƙasa zuwa Kazakistan da Kirgizistan, dubun dubata suka mutu a hanya da kuma can, ba a bar su sun dawo ba sai 1957. Da yawa daga cikin jagororin yaƙin 1994 a gudun hijirar nan aka haife su ko suka tashi.

Da Tarayyar Sobiyet ta kama hanyar rugujewa a 1991, Dzhokhar Dudayev, tsohon janar a rundunar sojan saman Sobiyet, ya ayyana 'yancin kai. Shugaba Boris Yeltsin ya tura sojoji ranar 11 ga Disamban 1994, ana zaton aikin kwanaki ne, sai ga shi a daren sabuwar shekara mayaƙan Checheniya sun ragargaza tankokin da suka kutsa cikin Grozny, babban birnin ƙasar. Wannan yaƙin neman ƙasa ne. Mayaƙansa Musulmi ne, suna kabbara, suna ɗaura ƙyalle mai ɗauke da kalmar shahada a goshi, amma abin da suke nema shi ne jamhuriyar da suka kira Ichkeriya, mai tuta da majalisa da shugaban da aka zaɓa. Khattab ya iso a 1995 da 'yan tsirarun abokan tafiya, kuma wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne wani malami da ake kira Shehu Fathi, ɗan Jodan mai asalin Checheniya, wanda shi ma ya zauna a Afganistan. Shi Khattab da harshen Rashanci yake magana da mutanen da yake jagoranta.

Wane al'amari ne ya fito da sunansa?

Kwanton ɓaunar da aka yi ranar 16 ga Afrilun 1996 kusa da ƙauyen Yaryshmardy, kan hanyar Shatoy. Hanyar ta bi ta kwazazzabon kogin Argun, dutse a gefe guda, gangaren ruwa a ɗaya gefen, ba wurin kaucewa. Ayarin motocin runduna ta 245 ta sojojin Rasha, ɗauke da mai da kayan aiki, ya miƙe a kan wannan siririyar hanya. Mayaƙan da suka laɓe a saman duwatsu suka lalata motar gaba da ta baya, sauran suka maƙale a tsakiya, aka yi ta yi musu ruwan wuta har motocin suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Hukumomin Rasha sun amsa cewa an kashe sojoji fiye da 50, wasu ƙididdigar kuma sun kai adadin kusa da 100.

Mayaƙan Checheniya sun sha yin irin wannan kwanton ɓauna kafin zuwansa. Abin da Khattab ya ƙara shi ne kyamara. An ɗauki harin a bidiyo, an nuna shi da dogon gashinsa yana tafiya a tsakanin ƙonannun motoci, aka kwafi kaset ɗin aka yaɗa a ƙasashen Larabawa da Turai. Kaset ya jawo kuɗi, kuɗi ya sayo makamai, makamai suka ba da damar wani harin da za a sake ɗauka. Ya mayar da ɗaukar hoto wani sashe na yaƙi tun intanet ba ta wadatu ba, kuma ƙungiyoyin da suka zo bayansa a Iraƙi da Siriya wannan tafarkin suka bi suka faɗaɗa.

Shin Larabawa ne suka ci wa 'yan Checheniya yaƙin farko?

A'a. A yaƙin farko baƙin mayaƙa ba su wuce gomomi ba, kuma ko an haɗa duka yaƙe-yaƙen biyu masu bincike na ƙiyasta su da 'yan ɗaruruwa. Harin da ya kawo ƙarshen yaƙin, wato sake ƙwace Grozny da aka fara ranar 6 ga Agustan 1996, Aslan Maskhadov, babban hafsan mayaƙan Checheniya, shi ne ya tsara shi, Shamil Basayev da sauran kwamandojin gida suka aiwatar. Yarjejeniyar Khasavyurt da Maskhadov da Janar Aleksandr Lebed na Rasha suka sa wa hannu a ƙarshen watan ta sa Rasha ta janye sojojinta, aka ɗage maganar matsayin Checheniya zuwa ƙarshen 2001. Ɓangarori biyu ne suka amfana da kambama rawar Larabawa: su kansu Larabawan domin tara gudummawa, da kuma Mosko domin ta nuna wa duniya cewa abin da take yaƙa ba neman 'yanci ba ne, ta'addancin ƙetare ne.

To me ya sa bai tafi ba bayan an yi sulhu?

Domin a wurinsa sulhun hutu ne, yaƙin bai ƙare ba. Abin da 'yan Checheniya suka ɗauka a matsayin biyan buƙata, shi matakin farko ya ɗauke shi, burinsa kuwa shi ne a kori Rasha daga dukkan yankunan Musulmi na Kaukasus a kafa daula guda. Ya kafa sansanin horo kusa da ƙauyen Serzhen-Yurt, inda matasa daga Checheniya da Dagestan da sauran jamhuriyoyin yankin, har da wasu daga Asiya ta Tsakiya, suke koyon karatun addini bisa fahimtar Salafiyya tare da sarrafa makami. Ya auri wata 'yar Dagestan daga ƙauyen Karamakhi, ya kuma ƙulla abota ta ƙut-da-ƙut da Basayev, wanda ya zame masa garkuwa. A al'adar mutanen tsaunukan nan baƙon da babban gida ya karɓa ba a taɓa shi, kuma Khattab ya ci moriyar wannan al'ada ƙwarai.

Sai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ainihin ƙarfinsa. Yaƙi ya bar ƙasar a rushe, babu masana'antu, babu albashi, Rasha ba ta cika alkawarin sake gina ta ba, babu kuma wata ƙasa da ta amince da 'yancinta. Gwamnatin Maskhadov, wanda aka zaɓa a Janairun 1997 a zaɓen da masu sa ido na Turai suka amince da shi, aljihunta wayam yake. Shi kuwa Khattab gudummawa na zuwa masa daga masu hannu da shuni da wasu ƙungiyoyin agaji na yankin Gulf. Saurayin da ya fito daga yaƙi ba shi da sana'a sai bindiga, idan ya ga wurin da ake ba da abinci da kaki da ɗan abin sa wa a aljihu, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Tun a Disamban 1997, ana cikin zaman sulhu, Khattab ya jagoranci hari kan sansanin sojojin Rasha a Buynaksk da ke Dagestan.

Yaya zamansa ya kasance da malaman ƙasar da kuma gwamnati?

Zaman doya da manja. Musuluncin Checheniya na ɗariƙa ne, Naƙshabandiyya da Ƙadiriyya, kuma ita Ƙadiriyyar, wadda mai karatu a ƙasar Hausa ya sani sarai, wani shehi mai suna Kunta-Haji ne ya yaɗa ta a can a tsakiyar ƙarni na 19. Zikirinsu a bayyane suke yin sa: maza su yi da'ira, suna tafi suna buga ƙafa, su riƙa zagayawa da sassarfa suna hailala da ƙarfi har gumi ya jiƙe su. Da wannan zikiri da ziyarar kaburburan shehunnai suka riƙe addininsu a zamanin kwaminisanci lokacin da aka rufe masallatai, har a can Kazakistan. Saboda haka da matasan da suka fito daga sababbin sansanoni suka fara cewa wannan bidi'a ce, suna kushe ibadar iyayensu, dattawa ba su ɗauki abin a matsayin saɓanin fahimta kawai ba, sun ɗauke shi cin mutuncin waɗanda suka mutu a kan addinin. Jama'a suka sa wa sababbin suna Wahabiyawa, sunan da su ba sa amsawa.

An ce Khattab da kansa yana kauce wa jayayya da dattawa a fili, yana barin fatawa ga abokinsa Abu Umar al-Saif, wani malami ɗan Saudiyya da ya yi tasiri a kotunan shari'a da aka kafa. Amma rikicin ya kai ga zub da jini a Gudermes a watan Yulin 1998, inda dakarun da ke goyon bayan gwamnati suka gwabza da ƙungiyoyin masu wannan aƙida. Maskhadov ya ba da umarnin korar baƙin da ke rura wutar, Muftin ƙasar Ahmad Kadyrov ya fito ƙarara yana yaƙar aƙidar, amma umarnin bai taɓa Khattab ba, domin Basayev na tsaye a bayansa. Wannan lokaci ne kuma da satar mutane don neman fansa ta zama ruwan dare, har aka fille kan injiniyoyin sadarwa huɗu, uku 'yan Birtaniya ɗaya ɗan New Zealand, a ƙarshen 1998. Wasu gungun ne aka ɗora wa alhakin wannan, amma ya nuna yadda ikon gwamnati ya zama na jeka-na-yi-ka. Maskhadov, yana neman ya ƙwace hujja daga hannun 'yan adawarsa, ya ayyana shari'ar Musulunci a Fabrairun 1999, hakan bai ƙara masa iko ba.

Me ya faru a Dagestan a 1999?

Ranar 7 ga Agustan 1999 Basayev da Khattab suka tsallaka iyaka da mayaƙa fiye da dubu, suka kama wasu ƙauyukan tsauni a gundumar Botlikh, suka ce sun zo ne su taimaka wa 'yan'uwansu na Dagestan su kafa daular Musulunci. Lissafinsu shi ne jama'a za su tashi su mara musu baya. Akasin haka aka gani: mazauna ƙauyukan, waɗanda Musulmi ne masu riƙo da addini, suka ɗauke su 'yan mamaya, suka kafa ƙungiyoyin sa-kai, suka tsaya tare da sojojin Rasha. Cikin makonni aka kore su. Sojojin gwamnati suka juya kan Karamakhi da Chabanmakhi, ƙauyukan da suka ayyana bin shari'a a 1998, suka yi musu luguden wuta. A farkon Satumba mayaƙan suka sake kutsawa ta gundumar Novolak, aka sake fatattakar su. Maskhadov ya nisanta gwamnatinsa daga harin, amma ba shi da ƙarfin hana shi, ba shi da kuma ƙarfin hukunta waɗanda suka kai shi.

Ke nan shi ne ya jawo yaƙi na biyu?

Ba shi kaɗai ba, amma kasonsa babba ne. Sergei Stepashin, wanda ya riƙe muƙamin firayim minista kafin Vladimir Putin, ya faɗa da bakinsa cewa tun watan Maris na 1999, bayan sace Janar Gennady Shpigun na Rasha a filin jirgin saman Grozny, aka fara shirin shiga arewacin Checheniya. Janar-janar ɗin da suka ji kunya a 1996 dama suna jiran ranar ramuwa. Abin da ba su da shi shi ne goyon bayan talakawan Rasha, waɗanda suka gaji da karɓar gawawwakin 'ya'yansu, da kuma hujjar da za a gabatar wa duniya. Harin Dagestan ya miƙa musu duka biyun. Kwana biyu da fara shi, ranar 9 ga Agusta, Yeltsin ya naɗa Putin firayim minista, mutumin da yawancin Rashawa ba su san shi ba, kuma yaƙin ya ɗaga shi har ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Maris na 2000.

A ganin mai wannan rubutu, nan ne ya kamata a auna Khattab, ba a kwazazzabon Argun ba. 'Yan Checheniya sun sayi 'yancin da suke riƙe da shi a aikace da rayuka dubun dubata, shi kuma ya jefa shi cikin wata caca da ba a shawarci zaɓaɓɓen shugabansu ba, domin wani buri da yawancinsu ba su nema ba. Laifin Basayev a nan bai gaza nasa ba, amma Basayev ɗan ƙasa ne da ke da dangi da kaburburan kakanni a Vedeno, shi kuwa Khattab Checheniya fage ce a cikin jerin fagagen da ya bi.

Yana da hannu a tayar da bama-bamai a gidajen mutane a Rasha?

A watan Satumban 1999 an tarwatsa dogayen gidajen kwana a Buynaksk ranar 4, a Mosko ranakun 9 da 13, sai Volgodonsk ranar 16, aka kashe mutum kusan 300, da yawansu suna barci. Masu binciken gwamnatin Rasha sun ce Khattab ne ya ba da umarni da kuɗi, kuma waɗanda suka aiwatar sun sami horo a sansaninsa. Kotu ta yanke wa wasu mutum biyu daga yankin Karachay ɗaurin rai da rai a 2004 kan hare-haren Mosko da Volgodonsk. Khattab ya musanta cewa yana da hannu.

Abin da ya hana maganar mutuwa shi ne abin da ya faru a birnin Ryazan a ƙarshen watan, inda mazauna wani gida suka ga ana shigar da buhuna ƙarƙashin benensu, 'yan sanda suka kwashe mutane, aka bi sawu har aka gano cewa jami'an hukumar tsaro ta FSB ne suka ajiye su. Shugaban hukumar ya ce atisaye ne, kuma sukari ne a cikin buhunan. Tsohon jami'in hukumar Aleksandr Litvinenko, wanda aka kashe da guba a Landan a 2006, ya zargi hukumar da shirya hare-haren, gwamnati kuma ta ƙaryata. Majalisar dokokin Rasha ta ƙi amincewa a yi bincike mai zaman kansa, shi ya sa har yau masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Shin ɗan al-Ƙa'ida ne?

Ya san Usama bin Laden tun a Afganistan, sun sha ruwa daga rijiyoyin kuɗi iri ɗaya, kuma akwai mutanen da suka yi zirga-zirga tsakanin sansanoninsu. Hukumomin Rasha, musamman bayan harin 11 ga Satumban 2001, sun nace cewa wakilin bin Laden ne a Kaukasus. Masu nazarin ƙungiyoyin nan da dama suna ganin ba haka abin yake ba: shi ya tsaya kan yaƙar sojojin da yake ganin sun mamaye ƙasar Musulmi, bai karɓi kiran juya bindiga kan Amurka ba, kuma yana da nasa masu ba da tallafi da nasa suna, har ana kallon su biyun a matsayin masu gasar neman mabiya. Wannan bambanci na dabara bai wanke shi daga abin da ya aikata a Dagestan ba.

Wace rawa ya taka a yaƙi na biyu, kuma me ya sami farar hula?

Sojojin Rasha sun shiga a farkon Oktoban 1999, wannan karon da manyan bindigogi da jiragen sama suka fara. Makamai masu linzami sun faɗa kasuwar Grozny ranar 21 ga Oktoba suka kashe fiye da mutum 100. Mutane kusan 200,000 suka tsere zuwa Ingushetiya. Grozny ta faɗi a farkon Fabrairun 2000, mayaƙan da ke ficewa suka bi ta filin nakiyoyi inda Basayev ya rasa ƙafa. Khattab yana tsaunukan kudu, kuma a ƙarshen Fabrairu, yayin da yake fitar da mutanensa daga ƙawanya kusa da Ulus-Kert, suka yi karo da wani rukunin sojojin laima na birnin Pskov a kan tudun da ake kira 776. Daga cikin sojoji 90, 84 suka mutu. Daga nan yaƙin ya koma na sari-ka-noƙe, da nakiyoyin gefen hanya, da kuma harin ƙunar baƙin wake, wanda ba a san shi a yaƙin farko ba, aka fara ganinsa a watan Yunin 2000.

Farar hula suka shiga tsaka mai wuya. Sojoji kan kewaye ƙauye su bi gida-gida, su kwashe maza zuwa sansanonin tantancewa, da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A unguwar Novye Aldi an harbe mutane fiye da 50 a rana guda, 5 ga Fabrairun 2000, kuma daga 2005 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci da dama a kan Rasha saboda irin waɗannan laifuffuka. Mufti Ahmad Kadyrov, wanda ya yi kiran jihadi a kan Rasha a yaƙin farko, ya koma ɓangaren Mosko, yana cewa Wahabiyawa sun fi Rasha haɗari ga al'ummarsa, Putin kuma ya naɗa shi shugaban gwamnatin yankin a Yunin 2000.

Yaya aka kashe shi?

Rasha ta sha sanar da mutuwarsa ya sake ɓulla, kuma an daɗe ana farautarsa da jirage da dakaru na musamman ba a dace ba, domin ba ya zama wuri guda kuma mutane kaɗan ne ke iya isa gare shi. Ta hannun ɗaya daga cikin waɗannan mutane kaɗan aka same shi. Saƙonni da kuɗi daga ƙasashen waje suna zuwa masa ne ta Baku, babban birnin Azarbaijan, a hannun amintattun 'yan aike. Hukumar FSB ta shawo kan ɗaya daga cikinsu, wani ɗan Dagestan mai suna Ibrahim Alauri, aka shafa wa wata wasiƙa guba mai saurin aiki, aka kai masa. Ya buɗe ta ya karanta, jikinsa ya rikice, ya mutu a tsakanin 19 da 20 ga Maris na 2002, yana da shekara 32.

Mutanensa sun ɓoye labarin, suka binne shi a asirce a tsaunuka. Sai a ƙarshen Afrilu hukumar FSB ta sanar, gidan talabijin na Rasha ya nuna bidiyon gawarsa, wanda mabiyansa ne da kansu suka ɗauka kamar yadda ya saba musu da ɗaukar komai, daga baya 'yan tawayen suka tabbatar. Shi kuma ɗan aiken an tsinci gawarsa a Baku a cikin watan na Afrilu, an ce bisa umarnin Basayev.

Me ya biyo bayan mutuwarsa?

Mataimakinsa Abu al-Walid, shi ma ɗan Saudiyya, ya gaje shi aka kashe shi a Afrilun 2004. Abu Hafs ɗan Jodan ya karɓa aka kashe shi a Khasavyurt a Nuwamban 2006, wanda ya biyo bayansa, Muhannad, aka kashe shi a 2011. Tun kafin nan ma kuɗi da matasan ƙasashen Larabawa sun karkata zuwa Iraƙi bayan mamayar 2003. Amma aƙidar ta riga ta yi saiwa a tsakanin 'yan gida. Wasu daga cikin mafi munin hare-hare kan farar hula bayan mutuwarsa aka kai su, kuma Basayev ne ya ɗauki alhakinsu: garkuwa da 'yan kallo a wani gidan wasan kwaikwayo na Mosko a Oktoban 2002, da kuma makarantar Beslan a Satumban 2004, inda mutum fiye da 330 suka mutu, fiye da rabinsu yara.

An kashe Ahmad Kadyrov da bam a filin wasa na Grozny ranar 9 ga Mayun 2004, an kashe Maskhadov a Maris na 2005, Basayev kuma a Yulin 2006. A 2007 Doku Umarov, jagoran 'yan tawayen a lokacin, ya soke jamhuriyar Ichkeriya ya ayyana Masarautar Kaukasus, wato abin da Khattab ya yi fata, sai dai a lokacin babu gari ko ɗaya a hannunta, kuma bayan 2012 mayaƙanta da yawa suka bar ta suka tafi Siriya. A shekarar 2007 ɗin ce Ramzan, ɗan Ahmad Kadyrov, ya zama shugaban Checheniya da amincewar Putin, a Afrilun 2009 kuma Mosko ta sanar da kawo ƙarshen abin da ta kira aikin yaƙi da ta'addanci a jamhuriyar.